Maigidana mai bishara ne, ya ce shi ma ya gaji kamar Iliya

Salama a gare ka Baba Fasto, barka da hidima, ya iyali. Ni matar mai bishara ce, muna wani ƙauye a wajen Sumaila jihar Kano, don Allah kar a faɗi sunana a shirin saboda mutanenmu suna saurare sosai.

Malam shi kaɗai yake riƙe da majami'u uku, ran Lahadi tun asuba zai hau mashin ya yi sujada a nan ya wuce ta biyu ya ƙarasa ta uku bayan rafi, in damina ce kuwa tura mashin ɗin yake cikin caɓi. Rasuwa shi ne, mace ta fara naƙuda da tsakar dare ƙofarmu ake bugawa, rikicin iyakar gona shi ne, tamu gonar kuma bana ciyawa ta cinye rabin dawar. Baikon da ake tarawa a majami'a wani satin ko kuɗin mai baya kaiwa. Shekara 11 kenan bai taɓa cewa uffan ba.

Tun bayan kaka ya canza. In na kai masa tuwo loma biyu zai yi ya ture kwanon, barci kuma babu. Daren Laraba na farka wajen ƙarfe biyu na same shi zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, tocila a hannu, Littafi Mai Tsarki a buɗe a 1 Sarakuna sura 19. Ya ɗago ya ce min Maman yara, ni ma ya ishe ni, da Ubangiji zai ɗauke ni da na huta. Baba jikina gaba ɗaya ya mutu.

Da gari ya waye na karanta wurin da kaina. Ashe annabi Iliya bayan ya tsaya gaban annabawan gunkin Ba'al 450 a Dutsen Karmel har wuta ta sauko, saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Abinda ya sa ni kuka shi ne mala'ikan da ya zo masa bai yi masa faɗa ba, tashinsa yayi ya ba shi gurasa da ruwa ya bar shi ya koma barci, har sau biyu yana ciyar da shi. Daga baya aka gaya masa akwai mutum 7000 da basu durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. Musa ma a Littafin Ƙidaya sura 11 ya ce nauyin jama'a ya fi ƙarfinsa gara a kashe shi, sai aka ba shi dattawa 70 su taya shi ɗauka. To nawa mijin wa zai taya shi?

Ya hana ni gaya wa dattawan ikilisiya, wai za a ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, ni kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, gajiya ce ta ci shi. Amma ina tsoro, yanzu ko gona zai je sai na sa babban yaronmu ya bi shi.

Baba in na je na faɗa wa babban fastonmu bada saninsa ba na ci amanarsa? Kuma wannan abin na addu'a da hutu ne kawai ko sai mun haɗa da asibiti, in asibitin ne ta yaya zan shawo kansa ya yarda? Don Allah a taimaka a amsa min a shirin satin nan.

Ƴarka a cikin Ubangiji,
daga Sumaila