A daina matse yatsun ƙafa da ƙaramin takalmi

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan lanƙwashewar yatsan ƙafa, wanda gaɓar tsakiya ke turowa sama kan yatsan ya duƙa ƙasa kamar guduma, galibi na kusa da babban yatsa. Yayata shekara da shekaru tana sa takalmi mai tsini da dogon dunduniya zuwa ofis, yanzu yatsan ya ƙage, kanta ta fito a saman gaɓar, in ta dawo gida sai ta cire takalmin tana cije leɓe, wallahi abin na damuna.

Ba takalmi kaɗai ba ne, akwai gado, da amosanin gaɓɓai, da ciwon suga in ya taɓa jijiyoyi. Likita ya ce mata da tun yatsan na miƙuwa ta zo, takalmi mai faɗin baki da motsa yatsu, irin ɗauko tawul daga ƙasa da su, da sun taimaka, amma in ya sandare sai tiyata.

Iyaye a daina cusa wa yara takalmin sallar bara in ya matse su. Masu suga kuma dan Allah kar a sa reza a yanke kantar nan, gyambo take zama, a je asibiti.

Naku,
Mai karatu daga Zariya