Tanti ki ba ni shawara, atishawa ta zame min abin tsoro

Assalamu alaikum Tanti, ina gajiya, ya aiki ya jama'a. Ni mai sauraron shirinki ce daga nan Damagaram, unguwar Garin Malam, dan Allah kar ki faɗi sunana don kishiyata ma shirin nan ba ya wuce ta.

Haihuwata huɗu, ga na biyar wata shida a ciki. Tun haihuwa ta uku da yaron ya zo ƙato na daɗe kan gwiwa, in na yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi sai fitsari ya ɗigo min, in ko na ɗaga bido, wato jarkar ruwa mai lita 25, kin dai san wahalar ruwan garin nan, wallahi sai na sake zane, alwala kam tsakanin magariba da isha sai in yi uku. Na gaya wa uwar mijina ta ce duk macen da ta haihu haka take, wai ban gasu ba ne a wankan jego, alhali kwana arba'in ɗin nan cur na yi su, kunun kanwa har ya gundure ni.

Da na je awo na cire kunya na faɗa wa sajfam, wato ungozomar asibiti. Ta duba ta ce ba yoyon fitsari ba ne, shi yoyo ɓula ce, dare da rana yake zuba ba tsayawa. Nawa wai wani nama ne a ƙasan mara mai kamar ragaya, shi ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura, nauyin ciki da nishin haihuwa suka sa ya saki. Ta koya min in matse kamar mai riƙe tusa cikin mutane, in ƙirga biyar in saki, sau 10, sau uku a yini, ban da riƙe numfashi ko matse cinya, kuma kar in yi lokacin da nake fitsari. Ta ce Kegel ake ce wa wannan matsewar, sunan wani likitan Amurka da ya fito da ita a 1948, kuma sai kamar wata uku ake ganin canji. In na haihu da sati shida zuwa takwas za ta tura ni wajen kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyara jiki da tausa da motsa jiki, ta ce a Faransa ma haka ake wa masu jego. Ni duk zatona kine na masu karaya ne da shanyewar ɓarin jiki.

To Tanti sati uku ke nan ina yi, amma ban san ko daidai nake yi ba, wani lokaci sai in ji kamar turowa nake maimakon ja sama, kuma zuciyata na raya min kar matsewar nan ta hana ɗa fitowa ranar naƙuda, ko da yake sajfam ta ce ba ta hanawa. Ga ƙawata ta dame ni in sayi maganin matsi wajen masu kayan mata, ni kuma tsoron cusa abu nake da cikin nan.

Babbar damuwata maigida ne, bai san komai ba har yau, kuma shi zai ba da izini da kuɗin zuwa. Da wane baki zan fara masa zancen? In kuma aka je aka tarar kinen namiji ne, zan iya cewa sai mace? In da hali ki gayyato wata kine cikin shirin ta yi mana bayani da Hausa, don a layin awo mu uku muka yi wannan hirar ƙasa-ƙasa.

Na gode, a gaida ma'aikata. Taki, maman yara daga Garin Malam.