Amsa ga mai tambaya: dalilin da ya sa Mayweather bai kamo Ali ba

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka bugo waya a shirinmu na wasanni, ka ce in gaya wa jama'a dalilin da ya sa nake fifita Muhammad Ali a kan Floyd Mayweather, alhali an doke Ali sau 5, shi kuwa Mayweather ya sa zare sau 50 ba wanda ya taɓa yin galaba a kansa. Har ka ƙara da cewa son kai ne kawai, don Ali Musulmi ne. Lokaci ya ƙure mana ran nan, shi ya sa na ga gara in ba ka amsa a rubuce.

Maganar addini mu ajiye ta gefe. Musuluntarsa da ƙin zuwa yaƙin Vietnam da ya yi a 1967 sun ɗaga darajarsa a idon duniya, amma ba da su nake auna shi ba. Abin da ya shafi dambe a ciki shi ne an ƙwace kambunsa, aka hana shi hawa fage har Oktoban 1970. Daga shekara 25 zuwa 28 ke nan, daidai lokacin da ɗan dambe yake kan ganiyarsa.

Tambayata ga kowane zakara ita ce: da wa ka kara, kuma a wane hali ka same shi? A 1964 Ali yana ɗan shekara 22 ya tunkari Sonny Liston, mutumin da ya kashe Floyd Patterson a turmin farko har sau biyu. Bayan turmi na 6 Liston ya ƙi tashi daga kujerarsa. Sai kuma Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974. George Foreman yana da shekara 25, dambe 40 ba faɗuwa, 37 daga ciki kisa ne. Shi ne ya kai Joe Frazier ƙasa sau 6 cikin turmi biyu, ya kuma gama da Ken Norton a turmi na biyu, kuma waɗannan biyun duk sun taɓa doke Ali. Mutane ba nasara suke yi wa Ali fata ba, fatansu ya sauko da ransa. Ya jingina da igiya, ya rufe fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana ta dukan haƙarƙari yana zuba masa magana a kunne, har hannun Foreman ya yi nauyi. Ana dab da kaɗa ƙararrawar turmi na 8 ya fito daga lungu ya sauke masa naushi a jere, na ƙarshe na dama, Foreman ya yi juyi ya zube.

To, waɗannan faɗuwa 5 da kake ƙirgawa fa? Frazier ya ci shi da maki a 1971, Ali ya rama sau biyu, ta biyun a Manila a 1975 inda mai horar da Frazier ya hana shi fitowa turmi na 15. Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, shi ma an rama sau biyu, ko da yake ni karawarsu ta 1976 ina ganin alƙalai sun yi wa Ali alfarma. Leon Spinks ya ci shi a farkon 1978, kafin shekarar ta ƙare Ali ya karɓe kambunsa. Saura Larry Holmes a 1980 da Trevor Berbick a 1981, lokacin yana dab da shekara 40, jiki ya riga ya gaji. Waɗannan biyun bai kamata ma a bar shi ya hau ba.

Mayweather gwani ne, kar ka ce na raina shi. Wajen kauce wa naushi da ɓoye haɓa a bayan kafaɗa, ban ga kamarsa ba a zamaninmu. Abin da ya yi wa Diego Corrales a 2001, ya kai shi ƙasa sau 5, ya isa a koyar da shi. Amma dubi yadda ya tsara sauran. An fara maganar haɗa shi da Manny Pacquiao tun 2009, ba a yi ba sai Mayun 2015, bayan Juan Manuel Marquez ya riga ya shimfiɗe Pacquiao a 2012. Canelo Alvarez kuwa, yana ɗan shekara 23 Mayweather ya same shi. Nasarar ta 50 kuwa, wadda ta sa ya wuce 49 na Rocky Marciano, a kan Conor McGregor ya same ta a 2017, mutumin da bai taɓa damben boksin na kuɗi ba sai ranar. Ɗan kasuwa ne mai wayo, ya san lokacin da kaya ke araha. Ban ga laifinsa ba, lafiyarsa ya tsare, amma ba za a biya shi ladan kasadar da bai yi ba.

In da rashin faɗuwa ne ma'auni, da namu Dick Tiger, ɗan Najeriya, bai shiga lissafi ba, don an doke shi sau 19. Amma shi ne ya gama da Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan a 1963, ya kuma hau aji na gaba ya ƙwace kambu daga Jose Torres a 1966.

Kuma don ka tabbata ba son kai ba ne, Ali ma ba shi ne na ɗaya a wurina ba. Sugar Ray Robinson ne. Ya yi dambe wajen 200. A Fabrairun 1943 Jake LaMotta ya doke shi, bayan mako uku suka sake haɗuwa ya rama, kuma a tsakani ya yi wani damben ya ci. Ali na biyu. Sai Henry Armstrong, wanda ya riƙe kambu uku lokaci guda a 1938, zamanin da azuzuwan nauyi 8 ne kacal, ba 17 da ɗamara huɗu-huɗu irin na yau ba. Joe Louis, da ya kare kambunsa sau 25, shi ne na huɗu. Mayweather sai can ƙasa da su, kuma ko a nan ma sai na yi dogon tunani kafin in sa shi gaban Sugar Ray Leonard, wanda ya kara da manyan zakaru Roberto Duran da Thomas Hearns da Marvin Hagler, ya kuma doke kowannensu.

Wassalam,
Ɗan'uwanka mai sharhin dambe