Gyara kan hanyar keke ta bakin Canal du Midi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya.

Na karanta rubutun da ya fito a shafinku na tafiye-tafiye a kan yawon keke a kudancin Faransa, inda marubucin ya ce mutum zai iya hawa keke daga Toulouse har bakin Bahar Rum a gefen Canal du Midi, hanya sumul, ba hawa ba gangara. Rabin maganar gaskiya ce. Ni mazaunin Toulouse ne, shekarata hamsin da 'yan kai, kuma na bi hanyar nan tun daga farko har ƙarshe sau biyu, ban da 'yan zagaye na ranar hutu da ba zan iya ƙirgawa ba. Tsorona shi ne kada wani ya karanta ya ɗauko keken tsere mai siririyar taya ya hau hanya, ya sha irin wahalar da na sha.

Ba hawa ba gangara, wannan haka yake, domin ruwa ne ya zaɓi hanyar. Canal du Midi kogi ne da hannun mutum ya haƙa, tsawonsa kilomita 240, daga Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Sète. An fara aikin a 1666, zamanin Sarki Louis na 14, aka buɗe shi a 1681. Mutumin da ya tsaya a kai, Pierre-Paul Riquet, asalinsa mai karɓar harajin gishiri ne, ya zuba dukiyarsa a ciki har bashi ya hau kansa, ya rasu a 1680 saura 'yan watanni a gama. Hanyar da muke bi da keke a yau ita ce wadda dawaki suke takawa a da suna jan jiragen kaya da igiya. Doki kuwa bai damu da kwalta ba.

Daga Toulouse zuwa wajen Port-Lauragais, kimanin kilomita 50, kwalta ce mai kyau, ko yaro zai bi. Daga nan ne labari ya sha bamban. Lokacin da na fara bi, da na shiga yankin Aude sai kwalta ta ƙare, ƙasa da tsakuwa suka karɓa, saiwoyin itatuwa sun keto hanya kamar jijiyoyin hannun tsoho. Tayata ta milimita 25 ce. Tsakanin Castelnaudary da Carcassonne na yi faci sau uku a yini guda, na ukun ina durƙushe cikin taɓo, famfo a hannu, wasu tsofaffi biyu a cikin jirgin haya suna wuce ni suna ɗaga mini hannu. Jiragen nan doka ba ta bar su su wuce gudun kilomita 8 a awa ba, amma ranar sun riga ni isa. An gyara wasu sassan daga baya, na gani da idona, sai dai duk da haka wanda zai manne wa bakin ruwa har ƙarshe ya nemi taya mai kauri, milimita 35 ko sama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma ya wuce maganar taya. Mai keken tsere da ya tsaya a bakin ruwa kawai ya yi asarar abin da ya fi daɗi. A ganina a ɗauki kanal ɗin kamar ƙashin baya, a riƙa fita daga jikinsa ana hawa tuddai ta ƙananan titunan karkara, waɗanda lambarsu ke farawa da harafin D, a sauko wani ƙauyen na bakin ruwa a sha ruwa a huta. Titunan nan duk kwalta ne, motoci kaɗan, kuma dokar ƙasar ta ce direba ya ba mai keke tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce shi a wajen gari. Yawancinsu suna bi.

Zagayen da na fi so yana farawa ne daga Seuil de Naurouze, wurin da ya fi ko'ina tudu a kan kanal ɗin, kusan mita 190 sama da teku. A nan ruwa ke rabuwa biyu, wani ya nufi Tekun Atlantika, wani Bahar Rum. Duk wanda ya tsaya a nan sai ya tambayi kansa, to daga ina ruwan yake zuwa, tunda ruwa ba ya hawa tudu? Wannan tambayar ce ta hana magabata haƙa kanal ɗin shekaru da yawa, kuma Riquet ya warware ta da tattaro ƙoramun dutsen Montagne Noire, ya tara su a madatsar Saint-Ferréol, ya jawo su ta wata siririyar magudana har Naurouze. Da keke mutum yana iya bin amsar da ƙafarsa. Sai ka bar bakin ruwa ka shiga tuddan Lauragais, ƙasar alkama da furen nan mai bin rana, ka hau ka sauka, ka hau ka sauka, babu hawan da zai kashe ka, babu kuma shimfiɗar da za ta bar ka ka yi gyangyaɗi. Ka bi ta Saint-Félix-Lauragais da ke zaune a kan tudu, ka gangara Revel, inda kasuwa ke ci ranar Asabar ƙarƙashin wata tsohuwar rumfar katako a tsakiyar gari. Daga Revel zuwa madatsar hawa ne sosai, 'yan kilomita ne amma sai ka sauke giya har ta ƙarshe. Da na kai sama karon farko, numfashi yana neman ƙwacewa, na ga tafkin a kwance tsakanin itatuwa, sai na gane dalilin da ya sa UNESCO ta sa aikin nan cikin kayan tarihin duniya a 1996. Shekara biyu ina wucewa a gefen kanal ɗin a cikin gari ban taɓa tunanin mafarinsa ba.

A gabas kuma, bayan Carcassonne da Trèbes, ƙasa takan canja. Alkama ta ba gonakin inabi wuri, rana ta ƙara zafi. Daga Homps ana iya haurawa Minerve, ƙauyen da ke kan dutse tsakanin kwazazzabai biyu, a dawo a faɗa Le Somail, wanda ke da tsohuwar gadar dutse mai ƙusumbi da wani katafaren shagon tsofaffin littattafai. Na shiga don in fake wa rana, na fito bayan awa biyu da littafin da ba shi da wurin zama a jakata. Daga wajen Argens har Béziers, kilomita 54, babu ƙofar ruwa ko ɗaya, wato inda ake tare ruwa don a ɗaga jirgi ko a sauke shi, kanal ɗin yana ta lauje-lauje yana bin gindin tuddai don kada ya rasa daidaitonsa. Shi ya sa titi ya fi shi gajarta nesa ba kusa ba. A cikin wannan tsakanin ne ramin Malpas yake, inda aka huda tudu ruwa ya bi ta ciki. Kada mutum ya wuce bai hau tudun Ensérune da ke kansa ba: daga can za ka hango tsohon tafkin Montady da aka zuƙe tun ƙarni na 13, gonakinsa sun tsattsage daga tsakiya kamar silin tayar keke. Sai matakalar ƙofofin ruwa ta Fonseranes a bakin Béziers, garin da aka haifi Riquet, inda jirage ke sauka daki-daki mutane suna kallo.

Akwai abu biyu da marubucinku bai ambata ba. Na farko iska. Akwai mai busowa daga arewa maso yamma, ita ce ta fi yawa, shi ya sa tafiya daga Toulouse zuwa teku ta fi dawowa sauƙi. Akwai kuma wadda mutanen nan ke kira autan, mai zuwa daga wajen teku, suna cewa tana haukata mutum. Ban haukace ba, amma na taɓa taka feda a kan gangara kamar mai hawa. Na biyu inuwa. Hotunan da kuka buga na manyan itatuwan platan ne da suka rufe ruwa ta kowane gefe. An ƙiyasta sun kai 42,000, amma tun 2006 aka gano wata cuta mai cin jikinsu daga ciki, ba ta da magani, an sare dubbai an ƙone. Ana dasa wasu iri a madadinsu, sai dai ƙanana ne tukuna. Wuraren da na huta a inuwa a tafiyata ta farko, a ta biyu rana ce tsagwaronta. Wanda zai zo a Yuli ko Agusta ya fita da asuba, ya riƙe gorar ruwa biyu, ya kuma sani shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana, wasu ba sa buɗewa Lahadi da yamma ko Litinin. Ni dai na fi son Mayu da Satumba.

Wanda kuma ya dage sai kwalta a bakin ruwa, to ya juya yamma daga Toulouse ya bi Canal de Garonne, kilomita 193, ta Moissac da Agen, inda kanal ɗin ke tsallake kogin Garonne a kan gada mai baka 23. Wannan ita ce hanyar da ta dace da bayanin da aka yi a shafinku, kuma ita nake kai baƙina idan gwiwarsu ba ta son tudu.

Ina roƙo a buga wannan gyara a inda masu karatun wancan rubutu za su gani. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Toulouse, Faransa