Amsa ga ƙanena mai tambayar amfanin tikitinsa

Ƙanena, ina gaisuwa.

Ranar Lahadi, a shirin wasanni na rediyo, ka kama sunana ka ce: "Yaya, kullum kana matsa mana mu je fili mu sayi tikiti. Coton Sport ƙungiyar kamfani ce, kuɗin auduga ke riƙe da ita, me 'yan kuɗinmu za su ƙara mata?" Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kana da gaskiya ta wani gefe. Tun da aka kafa wannan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu Garwa a 1986, Sodecoton, kamfanin auduga na Kamaru, shi ne uwa da uba gare ta, kuma da wannan gatan ne ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Ina cikin filin Roumdé Adjia ranar da muka tashi 2-2 da Al Ahly, bayan sun ci mu 2-0 a Alƙahira. Wani dattijo da ke gefena ya zo tun daga Pitoa da 'yar rediyonsa manne a kunne, yana kallon wasa yana kuma sauraronsa. Da aka tashi ya daɗe zaune, hularsa a hannu. Manomin auduga ne, tafin hannunsa duk kanta. Kuɗin kamfanin da kake faɗa, daga gonar irinsu suke fitowa.

Abin da ke hana ni barci shi ne, ƙungiyar da ba ta ci daga aljihun magoya baya ba, ba dole ne ta saurare su ba. Ɗan wasanmu Vincent Aboubakar ya bar Garwa zuwa Valenciennes ta Faransa a 2010, mun yi murna, ɗanmu ne. Amma yaran da ake rainonsu a nan a sayar waje, wa a cikinmu yake da bakin tambayar nawa aka samu, kuma ina aka zuba? Mun yarda mu zama 'yan kallo, ɗan kallo kuwa ba ya shiga shawara.

Dubi Ingila. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka ce za su ware su kafa gasarsu. Magoya baya suka fito kan titi, cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyin Ingila shida da ke cikinsu suka janye. An ji maganarsu ne saboda su ke cika kujeru da kuɗinsu mako bayan mako.

Mu ma mun iya cika fili. Ka ga yadda Garwa ta yi cikar kwari a Janairun 2022 da Najeriya ta ci Masar 1-0 a gasar cin kofin Afirka. Sai ga shi ranar wasan gida kujeru suna shan rana, mu kuma muna cunkushe a gidan kallo muna rantsuwa a kan Barcelona.

Ranar da farashin auduga ya faɗi, kamfani ya tsuke bakin aljihu, wa zai riƙe ƙungiyar? Ina so mu haɗa kanmu, mu riƙa biya, mu nemi kujera a wurin shawara. Wasan gida mai zuwa ka same ni a bakin ƙofa bayan azahar, ka taho da abokanka na gidan kallo.

Yayanka a Garwa.