Wasiƙa a kan Sinawa da dokar ƙayyade haihuwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Ya kasuwa? Saƙonka ya iso. Ka ce abokan cinikinka na birnin Guangzhou a ƙasar Sin da yawa, in ka tambaye su 'yan'uwa, sai su ce ba wa ba ƙane, kuma kana mamakin yadda hukuma ta iya sa hannu har cikin ɗakin miji da mata. Bari in warware maka yadda abin ya gudana.

Haihuwa ta fara raguwa a Sin tun kafin dokar ɗa ɗaya. A shekarun 1970 an yi gangamin jinkirta aure, ba da tazara, da rage yawan 'ya'ya, har mace da ke haihuwar kusan shida a 1970 ta koma ƙasa da uku a 1978. Duk da haka shugabanni suka ga bai isa ba. Ranar 25 ga Satumba 1980 kwamitin tsakiya na jam'iyyar kwaminis ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa, kowane ma'aurata su tsaya a ɗa ɗaya, namiji ne ko mace. Ba kowa dokar ta kama daidai ba. Mutanen birni su ta ɗaure tamau. Daga 1984 larduna da yawa suka bar manomi ya ƙara na biyu in ta farko mace ce, ƙananan ƙabilu kuma aka bar musu biyu ko uku.

A zamanin da dokar ke aiki, ƙarfinta yana cikin takardu ne. Kafin mace ta haihu sai ma'aurata sun karɓi takardar izinin haihuwa. Bayan haihuwar farko a sa mata zoben hana ɗaukar ciki, wanda shekaru da yawa na ƙarfe ne mara zare, don haka ba ya fita sai a asibiti. In ta yi ta biyu, a ɗaure mata mahaifa. A 1983 kaɗai an yi wa mutum kusan miliyan 20 aikin hana haihuwa. Wanda ya ƙetare iyaka, tara ce ke jiransa, ana lissafa ta a kan kuɗin shigar shekara na yankinsa, a ninka sau uku ko fiye. Ma'aikacin gwamnati kuwa aikinsa yake rasawa. Babba ma bai tsira ba: a 2014 aka ci mai shirya finafinai Zhang Yimou tarar yuan (kuɗin Sin) miliyan 7.48 saboda 'ya'yansa uku. Amma shi yana da abin biya. Talaka in ya kasa, sai a hana yaron rajistar gida da suke kira hukou, wadda in babu ita ba makarantar gwamnati, ba katin shaida, ba aure a hukumance. Ƙidayar 2010 ta tarar da mutum kusan miliyan 13 ba su da rajistar nan, kuma da yawansu laifinsu kawai sun zo duniya ba da izini ba.

Ka san me ya sa abin ya yi muni a ƙauyuka? Ƙarin girman jami'in ƙaramar hukuma an ɗaura shi a kan adadin haihuwar yankinsa. In aka zarce, duk sauran aikinsa ya tashi a banza. Daga nan aka samu zubar da cikin dole, da kwashe kayan gida, da tsare dangi har sai mai ciki ta fito daga maɓoyarta. Chen Guangcheng, makahon nan da ya koya wa kansa shari'a, shi ya tona irin wannan a Linyi ta lardin Shandong a 2005, sakamakonsa kurkuku.

Wanda ya fi jin jiki, a ganina, 'ya mace ce. A ƙauyen Sin ɗa namiji ne ke riƙe iyaye in sun tsufa, shi ke ɗaukar sunan gida, mace kuwa ta gidan wani ce. Da na'urar hoton ciki ta yaɗu, sai aka riƙa dubawa a ɓoye, ko da doka ta hana likita faɗa, in mace ce a zubar. A bisa halitta ana haifar maza kusan 105 a kan mata 100, amma a 2004 lissafin ya kai 121. Wasu jarirai mata aka ɓoye su wurin dangi, wasu aka ajiye su ƙofar gidan marayu da ɗan ƙyalle da takardar ranar haihuwa a maƙale. Fiye da yara 160,000 aka kai ƙasashen waje riƙo tun 1992, mafi yawansu mata, kusan rabinsu Amurka. Yau ga sakamakon: ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da miliyan 34.9. Kuɗin aure ya yi tashin gwauron zabi, iyayen amarya na neman gida da mota, ɗan manomi talaka ya tsufa a tuzuru. Suna ce wa irinsu busasshen reshe. Sai dai gaskiya ɗaya ce, 'yar birni da ta tashi ita kaɗai ta samu abin da kakarta ba ta taɓa mafarki ba, don duk abin da iyaye suka tara a kan karatunta ya ƙare, har mata suka zarce rabin ɗaliban jami'o'i.

Yanzu ka dubi siffar gidan. Wanda ya tashi shi kaɗai ya auri wadda ta tashi ita kaɗai, ɗansu ba shi da kawu, ba baffa, ba goggo, ba inna, balle ɗan'uwan wasa. Suna kiran tsarin 4-2-1: kakanni huɗu, iyaye biyu, jika ɗaya. Yana ƙarami mutum shida ne ke tarairayarsa, shi ya sa ake musu laƙabi da ƙananan sarakuna. In ya girma, nauyin ya juyo kansa. Uwa na kwance a asibitin wani lardi, suruki na wani, ba ɗan'uwan da za a yi karɓa-karɓar jinya da shi, fanshon manomi kuma bai taka kara ya karya ba. Mafi ban tausayi su ne iyayen da ɗan nasu tilo ya rasu bayan uwa ta wuce haihuwa. Girgizar ƙasar Sichuan ta 12 ga Mayu 2008 ta rushe makarantu a kan dubban ɗalibai. Hukuma ta ba iyayen izinin sake haihuwa, amma ga wasunsu lokaci ya riga ya ƙure. Allah ya kiyaye mu da irin wannan.

Da gwamnati ta ga ma'aikata na raguwa, tsofaffi na ƙaruwa, sai ta fara sassautawa. Daga 1 ga Janairu 2016 aka yarda da biyu ga kowa, a Mayu 2021 aka ce uku, daga baya cikin shekarar aka soke tarar. A Xinjiang, inda Musulmin Uygur suke, akasin haka aka gani, daga 2017 aka tsananta, haihuwa ta faɗi kusan rabi cikin shekara biyu. A sauran ƙasar an buɗe ƙofa amma ba masu shiga. An haifi miliyan 17.86 a 2016, a 2023 miliyan 9.02. A 2022 yawan jama'a ya ragu da 850,000, karon farko tun 1961. Dalilin a bayyane yake: tsadar gida, tsadar karatu, dogon lokacin aiki, da kamfanonin da ke gudun ɗaukar matar da za ta tafi hutun haihuwa. Ga kuma ƙarancin matan da za su haihu, tunda ba a haife su ba shekara talatin da suka wuce. Daga 2025 gwamnati na biyan yuan 3,600 a shekara ga kowane yaro da bai kai uku ba, kuma ta fara ɗaga shekarun ritaya, maza daga 60 zuwa 63 a hankali cikin shekara 15.

Shawarata, in zance ya kai ku nan da abokin ciniki, kada ka yi saurin tambayarsa don me bai ƙara haihuwa ba. Tambaye shi lafiyar iyayensa, don galibi shi kaɗai ke riƙe da su.

Ka gaida uwargida da yara, da su Baba in ka je gida. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Amininka.