Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Zaɓen Dillalin Gida a Garin da Zai Koma

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, na rubuto maka ne a kan ƙaurar da za ka yi zuwa garin da aka mayar da kai aiki, musamman batun dillalin da zai nema maka wurin zama. Ka ce mini ka ga hotunan wasu gidaje a intanet, har ka fara magana da wanda ya ɗora su. Ina so ka dakata tukuna, domin zaɓen mutumin ya kamata ya riga zaɓen gidan. Baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe yake, kuma a garin da ba ka san unguwanninsa ba, ba ka san yadda ake sa wa gidajensa kuɗi ba, kusan duk abin da za ka sani ta bakin dillali zai iso gare ka.

Ka fara da sanin inda abincin dillali yake fitowa. Yawancinsu ba sa samun la'ada sai ciniki ya faɗa, kuma sau da yawa la'adar wani kaso ce na kuɗin gidan ko na hayar, saboda haka gaggawar kammalawa da tsadar gidan duk riba ce a gare shi, alhali kai natsuwa da rangwame kake nema. Ban faɗi haka don ka ɗauki dillalai a matsayin macuta ba, akwai masu gaskiya da riƙon amana da yawa a cikinsu, kuma nagari a cikinsu zai rage maka wahalar watanni. Abin da nake nufi shi ne ka tambaye shi kai tsaye tun a zaman farko: wa yake wa aiki, kuma wa zai biya shi? Idan mai gida ne ya ba shi gidan ya nemo mai saye ko ɗan haya, to wakilin mai gida ne, duk fara'ar da zai yi maka, kuma abin da ka gaya masa zai iya isa kunnen mai gidan. Irin wannan ba a gaya masa iyakar abin da za a iya biya, ba a kuma nuna masa cewa lokaci ya ƙure. Akwai kuma mai wakiltar ɓangarorin biyu a ciniki ɗaya, abin da dokar wasu wurare ta hana, wasu kuma suka shardanta sai kowa ya amince a rubuce. Ni dai na fi so ka samu wanda kai kaɗai yake wa aiki, ko da hakan zai sa la'adar ta fito daga aljihunka.

Hanyar samunsa ba ta da wuya. Ka tambayi abokan aikinka na can, musamman waɗanda su ma ba su daɗe da komawa garin ba, sannan ka yi magana da dillalai 3 aƙalla kafin ka tsayar da ɗaya. Ka tambayi kowannensu unguwannin da ya fi aiki a ciki, da yawan gidajen da ya yi cinikinsu a watanni 12 da suka wuce, da ko ya taɓa yi wa wanda yake nesa aiki. Ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya sama wa gida, ka kira su da kanka, kuma kada tambayarka ta tsaya a kan ko sun ji daɗinsa. Ka tambaye su me ya yi a ranar da matsala ta taso bayan an riga an biya shi.

Gwajin da na fi yarda da shi kuwa shi ne ka ce ya gaya maka aibin unguwar da yake yabawa. Wanda ya san wuri da gaske zai ce maka layi kaza ruwa yana kwanciya idan an yi ruwan sama, hanya kaza tana cushewa da safe, ɓangare kaza ruwan famfo ba ya hawa bene. Wanda ya ce babu wani aibi, ko dai bai san unguwar ba ko kuma ba ya so ka sani, kuma duka biyun ba su yi maka ba. Ka lura har ila yau ko shi ma yana yi maka tambayoyi. Dillalin da ya fara turo hotuna bai tambayi inda ofishinka yake ba, bai tambayi shekarun yaranka da makarantar da za su shiga ba, abin da ke hannunsa yake so ya rabu da shi.

A ƙasashe da dama doka ta wajabta wa dillalin gidaje mallakar lasisi, kuma hukumar da ke bayarwa tana da rajistar da kowa zai iya dubawa. Ka karɓi lambar lasisinsa ka duba da kanka, kada ka wadatu da hoton takardar da zai turo maka ta waya. Inda babu irin wannan doka, ka duba rajistar kamfaninsa da ƙungiyar masu sana'ar da yake ciki, sannan ka roƙi wani da ka yarda da shi ya taka har ofishin ya ga cewa akwai shi.

Duk abin da kuka yi magana a kai ya shiga takarda: nawa ne la'ada, wa zai biya, yaushe za a biya, akwai kuɗin zagayen duba gidaje ko babu, kuma ta yaya za ka rabu da shi idan aikinsa bai gamsar da kai ba. Wasu yarjejeniyoyin suna ɗaure mutum ga dillali ɗaya na tsawon lokaci, har ya zama ko da kai ka samo gidan da kanka sai ka biya shi. Idan ka ga irin wannan sharaɗi, ka nemi a taƙaita wa'adin, kamar wata 3, a sabunta idan an ga amfani.

Sai batun ganin gidan, wanda a nan ne nisa yake cutar da mutum. Hoto yana faɗaɗa ƙaramin ɗaki, yana kuma ɓoye abin da mai ɗauka ya juya wa baya. Idan ba za ka iya zuwa ba tukuna, ka ce ya kira ka ta bidiyo yana cikin gidan, kai ne kuma za ka riƙa faɗa masa inda zai haska. Ya buɗe famfon banɗaki ka ga ƙarfin ruwan, ya ɗaga wayar sama ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ya sauke ta ƙasan bango, domin sabon fenti a gindin bango ɗaya kaɗai sau da yawa danshi aka rufe. Sannan ya fito ƙofar gida ya yi tafiya a layin, ka ga maƙwabta da magudanar ruwa, ka ji ƙarar da ke wurin. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Duk da haka gani ya kori ji, kuma kuɗin motar da za ka kashe ka je ka kwana biyu a garin bai kai asarar zama shekara guda a gidan da bai dace da ku ba. Idan ka je, ka bi hanyar gidan zuwa wurin aikinka a lokacin da mutane suke fita da safe, ka kuma koma unguwar bayan dare ya yi.

Maganar kuɗi ita ce ta fi damuna. Akwai 'yan damfara da ke kwafo hotunan gidajen da ba nasu ba, su sa musu kuɗi mai rahusa, sannan su ce wa mai nema akwai wasu da ke jira, ya turo kafin alƙalami yau ko gidan ya wuce shi. Baƙon da ke nesa suke hari, domin sun san ba zai iya zuwa ya duba ba. Kada ko sisi ya fita daga hannunka kafin kai ko wakilinka ya shiga gidan, ya ga mai shi ko wanda ya wakilta a rubuce, ya kuma ga takardun. Ka biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya yi daidai da wanda ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit. Idan saƙo ya zo maka cewa an canza lambar asusu, kada ka tura komai sai ka kira lambar wayar da ka sani tun farko ka tabbatar.

Idan saye za ka yi, ka ɗauki lauyanka, ba wanda dillalin ya kawo maka ba, ya bincika a ofishin rajistar filaye ko sunan mai sayarwa ne a kan takardar mallaka, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa, ko kuma gidan gado ne da ba dukkan magada suka amince a sayar ba. Ka kuma biya masanin gini mai zaman kansa ya duba harsashi da rufi da wayoyin lantarki. Shawarata dai ka fara da haya ta wata 6 ko shekara guda, domin a cikin wannan lokaci za ka san garin da ƙafarka, za ka kuma ga halin dillalin a ƙaramin ciniki kafin ka damƙa masa babba.

Idan ya aiko maka da takardar yarjejeniyar, ka turo mini na karanta kafin ka sa hannu, ka kuma bar mai ɗakinka ta ga gidan ta faɗi ra'ayinta, tunda ita da yara ne za su fi ka zama a ciki. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah ya sa a yi ƙaurar lafiya, ya yi muku albarka.

Mahaifinka.